Bangon Filawud a Hawa Na Sha Bakwai

Masu bibiyar labarina, sallama a gare ku duka. Na karanta saƙonninku ɗaya bayan ɗaya, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in daina ja wa mutumin rai tunda yana da mota kuma yana salla. Na gode, 'yar uwa. Ki daure ki karanta na yau har ƙarshe, in kin gama ina nan ina jiran sabuwar shawara.

Wanda yau ya fara shigowa kuma, matso kusa. Sunana Zulaihatu, shekarata talatin da ɗaya. A gida malama ce ni a wata kwalejin fasaha, gini nake koyarwa. An turo ni Kuala Lumpur karatun digiri na uku, bincikena kuma a kan yadda wuta take cin gini ne da yadda ake tare ta kafin ta kai ga mutane. Ina zaune a Wangsa Maju tare da Murja, 'yar Zariya mai karatun harhaɗa magunguna. Mai nemana shi ne Muhyiddeen, abokin yayana Alkasim tun sakandare. Karatu ya kawo shi Malaysia shekara tara da suka wuce, karatun ya tsaya a hanya, shi ya wuce. Yanzu dillalin gidaje ne, yana sayar da turaren wuta da humra, da korona ta zo ya ƙara da takunkumi da sanitaiza. Gidan da muke ciki ma shi ya samo mana, a gabansa na sa hannu a takardar haya. Ku riƙe wannan. Kamar yadda nake ce wa ɗalibaina, zai fito a jarrabawa.

A Oktoban 2021 ne, an sassauta kulle, wanda ya yi rigakafi biyu zai iya kai ziyara. Ranar wata Alhamis da safe ina shan shayi saƙonsa ya shigo.

"Salam my Dakta. Yau za ki ga gidanki. Mota za ta zo ƙarfe goma. Ki taho da tef ɗinki na awo saboda labule."

Ya bi shi da jajayen zukata guda uku. Ban zama Dakta ba tukuna, na gaya masa ya fi sau goma. Ya ce ai sunan ya fi daɗi a baki.

Ban ajiye wayar ba saƙon muryar Umma ya biyo baya daga Kano, inda dare ya riga ya raba.

"Zulai, Alkasim ya ce yau yaron nan zai nuna miki gida. Don Allah ki saki fuska, ban da wannan kallon naki na malaman makaranta. Gwaggonki Daso ta ce ranar Asabar mutanensa za su kawo gaisuwa. Ni dai kar in ji wata magana."

Na sa doguwar riga ruwan toka da baƙin mayafi, na ɗaura takunkumi biyu, na jefa tef a jaka. Murja ta ci atamfa mai ruwan goro har da ɗauri, kamar ita za a kai.

"In gidan ya yi ni zan aure shi ki huta," ta ce tana gyara ɗan kunne.

"Allah ya sa alheri."

"Kin ga irin amsar da take sa Umma hawan jini."

Ginin a Cheras yake, dogo ne, irin mai masu gadi da wurin ninƙaya da ba wanda yake shiga. Muka nuna shaidar rigakafi a wayoyinmu a ƙofa, aka gwada zafin jikinmu, sai ga Muhyiddeen a bakin lif. Farar shadda ya sa mai aiki ruwan zuma, da hula da ta dace da aikin, da agogon da ya fi ƙarfin hannunsa. Takunkuminsa yana ƙarƙashin haɓa kamar wanda ya ɗaure gemu. Ƙamshinsa ya riga shi gaishe mu.

"Dakta, barka da zuwa gida. Hajiya Murja, kun yi makan, kun ci abinci? In sa a yi muku tapau, a ƙunso muku?"

"Mun ƙoshi," na ce.

"Ni ban ƙoshi ba," in ji Murja.

Hawa na sha bakwai muka sauka. Da ya buɗe ƙofa abin da na fara yi shi ne ƙirga ƙofofi, don hali ne ba na iya bari. Gidan mai ɗaki uku ne a gininsa, amma ƙofa biyar na gani. Falon ya tsuke ya koma lungu, kujera ɗaya ce a ciki da tulin takalma.

"Na wucin gadi ne," ya ce da ya ga inda idona yake. "Ɗalibai ne 'yan uwanmu, taimaka musu nake. Ana ɗaura aure duk za su tashi."

Ya nuna min babban ɗakin. Ba zan yi masa ƙarya ba, ɗakin yana da kyau. Gado ruwan madara, madubi har ƙasa, taga tana kallon layin jirgin MRT. Na fito da tef zan auna tagar, ya ɗaga hannu.

"Bar labulen tukuna. Zo ki ga brain." Ya buga yatsa a gefen kansa. "Brain, Dakta."

Ya tura ƙofar banɗakin ɗakin. Wuri ne ɗan siriri, masai da famfo kawai, amma da ƙyar ake ganinsu. Kwalaye ne jere har silin. Na karanta jikinsu: sanitaiza, sanitaiza, humra, takunkumi, sanitaiza.

"Da banɗaki ɗaya ne babba," ya ce. "Na raba shi biyu. Wannan namu, wancan ɓangaren na haɗa shi da sabon ɗaki, ya zama master, ɗaki mai banɗakinsa a ciki. Kin san nawa ake biyan master a Cheras?"

Ban tambaya ba. Sama nake kallo.

Bari in yi muku ɗan darasi, ba zai yi tsawo ba. A irin waɗannan gine-ginen, in kun ɗaga kai za ku ga wani ɗan ƙarfe yana leƙowa daga silin, da 'yar kwalba ja a tsakiyarsa. In zafi ya yi yawa kwalbar ta fashe, ruwa ya feso. Mafeshin gobara nake ce wa ɗalibaina. A silin ɗin nan, daidai inda sabon bangon ya ratsa, akwai da'irar fenti da ta fi sauran fari.

"Malam Muhyiddeen, ina mafeshin da yake nan?"

"Sprinkler? Na sa an cire an toshe. A kan layin bangon yake, ya tare min hanya." Ya yi murmushi irin na ɗalibin da yake ganin ya fi malami karatu. "Kuma doka tana tare da ni. Na bincika a intanet. Banɗakin da bai wuce ƙafa hamsin da biyar ba, ba dole sai da sprinkler ba. Da tamanin ne, yanzu arba'in arba'in. Lissafi lah."

Ya miƙo min wayarsa, hoton wani shafi ne da ya zagaye layi ɗaya da jan alƙalami. Na san littafin. Ƙa'idar wata ƙasa ce ma, ba ta nan ba. Kuma layin da ya zagaye yana da ƙani a ƙarƙashinsa, wanda hoton ya yanke wa kai.

Na ce masa a hankali, "Ka karanta rabi. An yafe wa ƙaramin banɗaki ne saboda ba abin da wuta za ta ci a ciki sai tayil da ruwa. Kuma da sharaɗi. Bangon da silin, har bayan masai da wurin wanka, sai sun zama abin da zai tare wuta na wani lokaci, ko da minti goma sha biyar ne, mutane su samu su fita. Allon jifsam mai jure wuta ake sa wa, mai kauri, galibi takardar jikinsa ja-ja ce."

"Shi aka sa."

Na ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. Ya amsa min kamar ganga. Na tsuguna wajen da bututu ya huda shi, na haska fitilar waya. Ga gefen katakon nan, falle-falle, da 'yan zaruruwa inda zarto ya ci.

"Wannan filawud ne."

"An yi masa fenti biyu, mai tsada."

"Wuta ba ta duba fenti, Malam."

Murja ta juya baya tana tari a cikin takunkumi. Na san ba tari ba ne.

A lokacin ne na ji ƙamshin. Ba na kwalayen ba, wannan mai ɗumi ne, sandal da hawi, irin wanda yake tuna wa mutum ɗakin mahaifiyarsa ranar Juma'a. Ta ramin bututun yake shigowa, da ɗan siririn hayaƙi. Na ɗora tafin hannu a ƙasan bangon. Da ɗumi.

Na fita na ƙwanƙwasa ƙofar sabon ɗakin. Wata yarinya ta buɗe, ba za ta wuce ashirin da uku ba, da zanin atamfa da hula, jaririya a kafaɗarta. Sunanta Hasna, mijinta Nata'ala yana digiri na biyu, ya tafi makaranta. 'Yar kuma Ummukulthum, watanta biyar.

"Sannu Anti, ku shigo. Ke ce amaryar Alhaji? Yana yawan zancenki."

"Sannu Hasna. Turare kike yi?"

"Eh, kayan Ummu nake turarawa. Garin nan kaya ba sa bushewa, sai su yi ta warin danshi."

Ta buɗe min banɗakinta. Kaskon ƙasa ne, wanda aka taho da shi daga gida a cikin zani, cike da garwashi, an jingina shi da bango. An kifa kwando a kai, an baza rigunan jaririya. Bangon ya yi baƙi daidai faɗin faranti. Bayan wannan baƙin, tazarar yatsa biyu, kwalayen sanitaiza ne.

"Me ya sa a nan kike yi?"

"Alhaji ne ya ce. Wai in na yi a ɗaki abin silin ɗin nan zai fashe ya jiƙa mana katifa, a ci mu tara. Nan kuwa babu shi. Duk matan gidajensa haka muke yi. Gawayin ma a wajensa muke saya."

Na juyo na dube shi. Yana tsaye a ƙofa yana gyara hannun riga, fuskarsa fes, har da ɗan alfahari.

"Kin ga customer service," ya ce.

'Yan uwa, ni ba mai faɗa ba ce. Ɗalibi ya taɓa zana min bene ba matakala, na zauna da shi awa biyu ban ɗaga murya ba, don shi bai sani ba ne kuma yana so ya sani. Abin da na ji a kan Muhyiddeen a tsayen nan ba fushi ba ne. Ji na yi ya ƙanƙance a idona, shaddar tana nan, agogon yana nan, amma mutumin ciki ya koma kamar ƙwayar gero.

Na ɗauki kaskon da tsumma, na kai shi ƙarƙashin famfo na kashe. Na ce wa Hasna ta yi min alkawari ba za ta ƙara hura shi a nan ba, zan kawo mata na lantarki. Muka yi musayar lamba.

A lungun da yake kira falo ya fito da ainihin zancen. Ofishin masu kula da ginin sun gano an taɓa bututun ruwa, sun rubuto masa. Ranar Litinin za a zo dubawa. Suna so ya kawo takarda daga masani cewa gyaran bai saɓa ƙa'ida ba.

"Layi huɗu kawai, Dakta. Ki sa sunan jami'arku a sama, ki sa hannu. Mutanen nan da sun ga Dr. shikenan, boleh, an wuce wurin."

"Ni ba Dakta ba ce, kuma ba ni da lasisin sa hannu a kan gini a ƙasar nan."

"Wa zai bincika?"

"Ko ina da shi ba zan sa ba. Ka kwashe kwalayen yau, ka rushe bangon, ka mayar da mafeshin. In kana so zan rubuta maka abin da za a saya."

"Kin san asarar da zan yi?"

"Na san wadda za ka yi in ba ka yi ba."

Ya yi dariya ya dubi Murja. "Hajiya, ki yi wa ƙawarki magana. Mace tana ƙin taimakon gidanta."

"Ni magani na sani," in ji Murja. "Amma sanitaiza kusan duk giyar asibiti ce, ko ashana ka nuna mata daga nesa sai ta gaishe ka."

Labulen dai ba a auna ba. A jirgin ƙasa muka koma.

Kafin mu isa Wangsa Maju labari ya riga mu zuwa Kano. Yaya Alkasim ne ya fara kira.

"Zulai, me nake ji haka? Takarda ɗaya?"

"Yaya, akwai jaririya a bayan bangon."

"Ke komai sai kin mayar da shi aji. Mutumin nan shekara tara yana ƙasar, ya fi ki sanin yadda ake yi. Kin san da kulle ya tsananta shi ya dinga aiko wa Umma magani?"

"Na sani. Allah ya saka masa. Bangon dai filawud ne."

Ya kashe wayar.

Ranar Juma'a na kira Umma da kaina, na roƙe ta a ɗaga zuwan masu gaisuwa ko da mako biyu ne. Sai ta fara yi min lissafi.

"Manemi na farko kin ce ba ya karatu. Na biyu kin ce yana yi wa direbansa tsawa. Wannan kuma banɗaki. Zulai, ni zan fita in ce wa Daso da mutanen gari 'yata ta fasa aure saboda banɗaki?"

"Umma, ba banɗakin ba ne."

"To mene ne?"

 A aji ina da allo da alli. A waya da uwa ba ni da komai.

Ranar Asabar suka zo. Gwaggo Daso ta turo hotuna a zauren gidanmu na WhatsApp: goro, alawa, dattawa a kan darduma. 'Yan uwa suka yi ta turo addu'a da furanni. Muhyiddeen ya turo min saƙo shi ma: "Alhamdulillah matata. Maganar takarda ki manta, na warware." Na ji sanyi a raina, na ce ko maganata ta shige shi. Har na yi istigfari a kan raina shi da na yi.

Ranar Lahadi bayan la'asar ina wanke shinkafa, wayata ta yi ƙara. Hasna ce.

"Anti na gode sosai Allah ya bar zumunci. Alhaji ya ce kin duba kin sa hannu, bangon lafiyarsa ƙalau, ba za a tashe mu ba. To zan iya ci gaba da turaren? Kayan Ummu sun taru."

Na karanta sau uku. Ruwa yana ta zuba a kan shinkafar har Murja ta zo ta kashe famfon.

Na rubuta mata: "Kar ki hura komai. Gobe ina zuwa."

Ban kira shi ba. Na zauna na rubuta abin da na gani, a tsare, yadda nake so ɗalibaina su riƙa rubutawa: faɗin banɗakin, irin katakon, inda aka toshe bututu, abin da ke cikin kwalayen. A ƙasa na rubuta cewa ni ɗaliba ce, ba ni da lasisi, shaida kawai nake bayarwa. Na san abin da takardar za ta jawo. Za a iya tashin su Hasna. Umma za ta daina ɗaga wayata. Amma in waccan takardar ta zauna a fayil da sunana, ranar da wani abu ya faru ni za a nema, kuma ba zan ma jira a neme ni ba, ni zan fara tuhumar kaina.

Litinin ƙarfe biyu na rana ina ofishin masu kula da ginin, da kaskon lantarki a leda da takardata a jaka. Manajar wata mata ce 'yar ƙasar, mai gilashi da shuɗin ɗankwali. Da na faɗi sunana fuskarta ta washe.

"Dr. Zulaihatu, kin kyauta da kika zo da kanki. Ga takardarki nan, jiya Mista Deen ya turo."

Ta juyo min da ita a kan tebur. Tambarin jami'armu ne a sama, an ɗan matse shi ya karkace. Layi huɗu ne kamar yadda ya ce, da kuskuren rubutu biyu. Sun ce an yi bangon da allon jifsam mai jure wuta. A ƙasa ga sa hannuna, nawa na gaske, har da ɗan ɗigon da birona ya yi ranar da na karɓi mukullin gidan Wangsa Maju. Ko goge layin takardar hayar da ya ratsa ƙarƙashinsa bai iya yi da kyau ba. Mutumin da ake so in miƙa wa rayuwata ko ƙarya bai iya yi a tsare ba.

"Injiniyanmu yana hanya," ta ce. "Da wannan ba sai ya fasa bango ba, ki tabbatar masa da baki kawai, sai mu rufe fayil. Takardarki ce, ko?"

Na cire takunkumi ɗaya don ta ji ni sosai.

"Sunana ne. Sa hannuna ne. Amma ban rubuta ta ba, kuma abin da ke cikinta ba gaskiya ba ne. Ga tawa. Ki ce masa ya taho da abin huda bango."

Ta cire gilashin ta dube ni, ta dubi takardun biyu, ta miƙa hannu wajen wayar tebur.

A bayana ƙofar ofishin ta buɗe. Ƙamshin ya riga shi shigowa. Shuɗiyar shadda ya sa yau, yana riƙe da waya a sama, fuskarta tana kallona. A cikin wayar Umma ce zaune a kan dardumarta da carbi a hannu, Gwaggo Daso tana leƙowa ta kafaɗarta.

"Yauwa, ga ta nan Umma," ya ce da murmushi. "Na gaya miki za ta zo ta tsaya wa mijinta. Dakta, gaishe da Umma, sai ki gaya wa matar nan takardarki ce mu tafi."

Manajar ta riga ta ɗaga kan wayar, tana jirana.

"Zulai," in ji Umma, "ina jin ki."